Mita Ɗaya, Ɗaki Goma Sha Biyu



A zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu a nan Kumasi akwai wani babban littafi da muke shigar da duk ƙarar da aka kawo domin sulhu. Idan aka buɗe shafukansa na farko, abin da za a tarar shi ne rikicin aure, da rabon gado, da bashin da ya daɗe, da iyakar fili. A shekarun baya-bayan nan wata irin ƙara ta shigo ta zauna daram a cikinsa, wato rigimar kuɗin wuta da na ruwa tsakanin mazauna gida ɗaya. Da farko mun ɗauke ta ƙaramar magana, har muna mamakin a ce dattawa su bar harkokinsu su zauna a kanta. Amma da muka ga maƙwabtan da suka yi shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya sun daina gaisawa saboda ita, sai muka gane cewa abin ya wuce wasa.

Wata rana aka kawo mana mutanen wani gida mai ɗaki goma sha biyu, duk a kan mita ɗaya, irin wadda ake sayen wuta kafin a sha. Wuta ta ƙare musu da tsakar dare tun wata bai raba ba, aka wayi gari ana zage-zage a tsakar gida. Cikin waɗanda suka zo har da wata tsohuwa da mijinta ya rasu, da wani saurayi ma'aikaci, da wata mata mai sayar da sobolo da ƙanƙara. Da aka ba tsohuwar dama sai ta ce, "Baba, ni ban taɓa ƙin biya ba. Amma ƙwai biyu ne gare ni, ɗaya a ɗaki ɗaya a baranda, kuma bayan isha'i nake kashewa. A gaya mini abin da na sha da har ake neman ƙari a wurina." Saurayin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa da makinsa, ni kuwa na biya nawa." Mai sobolo ta ce ita firizarta ce abincin 'ya'yanta, kuma ita ce ta fi kowa biya a gidan. Kowannensu gaskiya ya faɗa, kuma duk da haka ana zaluntar wani a cikinsu.

Ra'ayinmu, bayan zama irin wannan da dama, shi ne: a gidajen haya da gidajen gado na zangunanmu, tanadin wuta da ruwa ba zai yiwu ba sai an gyara yadda ake raba kuɗin. Nasihar da ake yi ta a kashe ƙwai a rufe famfo daidai ce, sai dai ba ta tasiri a gidan da mai kashewa ba ya ganin ribar kashewarsa, mai ɓarna kuma ba ya jin zafin ɓarnarsa.

Ga yadda abin yake. Tsarin da aka saba da shi a irin waɗannan gidaje, daga Aboabo da Asawase har Nima da Mamobi a Akara, shi ne a ƙirga kayan wutar kowane ɗaki a ba su maki, sannan a raba kuɗin wata a kan jimlar makin. A gidan da muke magana, ƙwai maki ɗaya ne, fanka ɗaya, dutsen guga biyu, firiza uku. A ido tsari ne mai kyau, domin ya fi a raba kuɗi daidai wa daida tsakanin ɗakuna. Amma mita ba ta san maki ba. Abin da take ƙirgawa shi ne yunit, kuma yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai cin wat 1,000 take sha a awa ɗaya.

Mu yi lissafi irin na makarantar firamare. Ƙwan zamani mai wat 9, idan ya yi awa shida yana ci kullum, a wata ba zai kai yunit 2 ba. Fanka mai wat 70 da ke juyawa awa takwas kowane dare tana shan kusan yunit 17. Dutsen guga mai wat 1,000, idan ana rabin awa da shi kullum, ya kai yunit 15. Butar lantarki mai wat 2,000, minti goma sha biyar kawai a rana, ita ma yunit 15 ce. Firiza kuwa, ko da a ce injinta wat 100 ne kuma rabin lokaci yake aiki, ta kai yunit 36. Da muka jera wannan a takarda a gaban mutanen gidan, sai ga shi tsohuwa ba ta sha yunit 4 ba, tana biyan maki biyu. Saurayi, mai ƙwai da fanka da guga, da kuma wata buta da bai taɓa ambata ba a wurin ƙirga, ya kusa yunit 50, yana biyan maki huɗu. Ke nan tana biyan rabin abin da yake biya alhali ba ta sha kashi ɗaya cikin goma na abin da yake sha ba. Zaure ya yi tsit. Saurayin da kansa ya sunkuyar da kai, domin bai taɓa yin niyyar cin haƙƙin tsohuwa ba, lissafin ne bai taɓa gani ba.

Akwai illa ta biyu da ta fi wannan zurfi. Jimlar makin gidan arba'in ce. Idan saurayi ya fita aiki ya bar fanka tana juyawa a ɗakin da babu kowa, ya jawo asarar sidi goma, sidi ɗaya kacal zai fito daga aljihunsa, tara kuma a kan maƙwabtansa. Idan tsohuwa ta kwana cikin duhu ta tanadi sidi goma, abin da zai dawo mata bai wuce rabin sidi ba. Tsarin da ya zama haka yana koya wa mutanen kirki sakaci ba tare da sun sani ba. Jakin gayya yunwa ke kashe shi, kuma mitar gayya ita ma haka take, kowa na jan ta, babu mai tausayinta.

Illa ta uku tana cikin tsarin farashin ƙasa. Hukumar da ke tsara farashin wuta da ruwa a Gana, wadda ake kira PURC, ta ware wani mataki mai rahusa domin masu ƙaramin ƙarfi. A da matakin yana kaiwa yunit 50 a wata, daga 2022 aka mayar da shi yunit 30. Duk gidan da bai wuce wannan ba yana sayen wuta a farashi mafi sauƙi, wanda kuwa ya haura yunit 300 farashinsa ya ƙara tashi. To amma ana duba mita ne, ba ɗaki ba. Ɗaki goma sha biyu, kowane na shan yunit 25, da kowane da mitarsa da duk sun shiga rahusa. Da yake sun taru a kan mita ɗaya, sai ta nuna 300, a ɗauke su kamar gidan attajiri ɗaya. Rahusar da aka yi domin talaka ta tsallake talakan zango ta wuce, saboda kawai yadda muke zaune.

Mu da muka manyanta mun ga lokutan da wutar ma ta zama abin nema. Mun ga 2006 da 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya aka shiga rabon wuta, har gwamnati ta raba ƙwayayen lantarki masu tanadi miliyan shida domin a cire tsofaffin nan masu zafi. Mun ga shekarun dumsor, musamman 2014 da 2015, da masu walda da teloli da masu ƙanƙara suka ɗanɗana kuɗarsu. A waɗannan lokuta kowa ya koyi tattali, domin kowa ya ji a jikinsa. Wannan shi ne darasin: mutum yana tattalin abin da yake jin nauyinsa. Aikinmu shi ne mu sa kowane ɗaki ya ji nauyin abin da yake sha, ba ƙari ba ragi.

Mafita mafi inganci ita ce kowane ɗaki, ko kowane iyali, ya nemi mitarsa daga kamfanin wuta, ECG a kudu ko NEDCo a arewa. Wannan ce kaɗai hanyar da za ta dawo wa mai ƙaramin sha da rahusarsa. Tana buƙatar kuɗi da haƙuri da amincewar mai gida, kuma a nan ne muke kira ga masu gidaje da magada. Gidajenmu da yawa na gado ne, magada sun warwatsu, wasu a Akara wasu a ƙasashen waje, babu mai ikon sa hannu shi kaɗai. Ya kamata su wakilta mutum ɗaya a rubuce domin wannan aiki. Mai gidan da ya hana ɗan haya raba mita saboda ƙyashin a huda masa bango, ya sani cewa kowane wata ana cire wani abu daga bakin marayu a dalilinsa.

Inda hakan bai samu ba tukuna, akwai ƙananan mitoci da ake saye a kasuwa a ɗaura wa kowane ɗaki a bayan babbar mita. Ba sa dawo da rahusa, amma suna nuna abin da kowa ya sha, kuma da su gardama ta ƙare. Sai dai a nemo ma'aikacin wuta mai takardar shaida ya ɗaura, kada a ba yaron unguwa don yana da filaya. Inda wannan ma ya gagara, to a gyara makin kansa. A duba wat ɗin da aka rubuta a jikin kowace na'ura, a kimanta awannin da take aiki, a ba ta maki gwargwadon haka. A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, a maƙala kusa da mita. A ware wutar tsakar gida da ta bayan gida a raba ta daidai. A sake ƙirga duk bayan wata uku, domin kaya suna shigowa. Duk wanda ya sayi wuta a madadin gida ya nuna wa kowa saƙon da ya shigo wayarsa.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana a fuska. Na farko, wai wannan ƙididdiga ba halinmu ba ce, zango wuri ne na karɓar baƙo, kuma abin kunya ne a tsaya ana ƙirga wa ɗan uwa wat. Muna girmama wannan magana, domin da karamci aka kafa zango, tun zamanin fataken goro da suka riƙa sauka a gidajen da ba su san kowa ba. Amma kyauta sai da sanin mai bayarwa da yardarsa. Tsohuwar da ke biya wa saurayi kuɗin guga ba tare da ta sani ba, ba kyauta take yi ba, ƙwace ake yi mata cikin ladabi. Idan an yi lissafi kowa ya san nasa, sannan mutanen gida suka ce sun ɗauke wa tsohuwa nata kason, wannan shi ne karamci, kuma haka aka yi a gidan da muka ambata. Addininmu da kansa ya umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu a tsakanin musulmi 'yan uwan juna, kuma babu malamin da ya ce yin hakan rashin zumunci ne.

Na biyu, wai talaka ba shi ne ke ɓarna ba, farashi ne ke hawa, don haka a bar shi ya sarara a je a yi magana da hukuma. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Farashi yana hawa, kuma haƙƙin shugabannin zango ne su kai kuka gaban hukuma game da gidajen da mutane da yawa ke tarayya a mita ɗaya, da kuma sauƙaƙa hanyar samun mita. Amma kukan zai fi ƙarfi idan muka je da takardu a hannu, muka ce ga gida kaza, ɗakuna kaza, ga abin da kowane ke sha. Sannan, kafin hukuma ta amsa, watanni za su ci gaba da ƙarewa, wuta za ta ci gaba da ɗaukewa da tsakar dare. Abin da ke hannunmu ba ma jiran kowa a kansa.

Na uku, wai gyaran maki zai karya mata masu sana'ar firiza. Ba ma son a karya kowa. Matan nan su ne ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti a gidaje da yawa. Amma wutar da firiza ke sha tana cikin jarin sana'a, kamar sukari da leda, kuma sana'ar da ba ta tsayawa sai da kuɗin maƙwabta tana bukatar a sake duba ta. Abin da ya fi taimakon mai firiza shi ne ta san abin da firizarta ke ci. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013 saboda cin wutarsu, kuma sababbi suna zuwa da wata takarda mai ruwan ɗorawa daga Hukumar Makamashi, mai ɗauke da taurari da adadin yunit da na'urar ke sha a shekara. Yawan taurari, ƙarancin ci. Firji mai arha ranar saye yana iya zama mafi tsada a gida, domin kowane wata sai ya karɓi nasa. Wadda ba ta da halin canzawa, ta duba robar bakin ƙofa ko ta saki, ta janye firizar daga jikin bango da rana da murhu, ta bar abu ya huce kafin ta sa, ta kankare ƙanƙarar da ta yi kauri a ciki.

Idan rabo ya daidaita, sauran nasihohin sai su sami wurin zama. Abin da ke dumama ko sanyaya shi ne ke cin kuɗi, ba abin da ke haskakawa ba. Mai faɗa da yara a kan ƙwai alhali yana dafa ruwan wanka da hita kowace safiya, ya bar jaki yana dukan taiki. A tara guga a yi ta lokaci ɗaya maimakon a riƙa zafafa dutse saboda riga ɗaya. A zuba a buta iya ruwan da ake bukata. Wanda har yanzu yake da tsohon ƙwai mai wat 60 ya sani cewa yana shan kusan yunit 11 a wata, inda na zamani bai kai 2 ba.

Ruwa ma haka labarinsa yake. Famfo ɗaya a tsakar gida, ana raba kuɗi a kan ɗakuna, alhali wani ɗaki mutum ɗaya ne wani kuma mutum bakwai, wata kuma tana dafa wake da shinkafa na sayarwa. Adalci shi ne a raba a kan yawan kawuna, a ƙara wa mai sana'a kaso. Famfon da ke ɗiga kuwa, a ajiye masa bokiti da dare a duba da asuba, abin da aka gani shi ake biya kowace rana. Idan ana zargin bututu ya fashe a ƙasa, a rufe duk famfunan gida a duba mitar ruwa, in tana motsi to ruwa na tafiya wani wuri. Robar da ke tsayar da ɗigo kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, amma a gidan gayya sai ta yi shekara ba a saya ba, domin kowa na jiran wani. A sa mutum ɗaya a kan gyara, a ba shi ɗan abu a cikin kuɗin wata.

A wannan babi mu almajirai ba mu da uzuri. Tun muna yara aka karantar da mu a Risala cewa ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki shi ne sunna, kuma wuce iyaka a cikinsa abin zargi ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, wato abin da bai kai lita ɗaya ba. Iyayenmu da buta suke alwala, kuma butar tana isar su har ta rage. Yau a masallatanmu sai a buɗe famfo tun daga wankin hannu har wankin ƙafa, a sallame salla a watse a bar fankoki suna yi wa tabarmi fifita. Kuɗin da ake biya kuwa daga sadakar Juma'a yake fita, daga hannun mutanen da wasunsu ba su karya kumallo ba. Ya kamata kwamitocin masallatai su fara da kansu, su dawo da butoci, su sa wanda zai kashe wuta bayan kowace salla, kafin liman ya hau mumbari ya yi wa jama'a wa'azin almubazzaranci.

Saura abu ɗaya da ba za mu rufe baki a kansa ba. Akwai masu ganin hanyar rage kuɗin wuta ita ce a kira wani da dare ya zagaye mita da waya. Wannan sata ce, ko da wanda ake sata daga gare shi kamfani ne, kuma abin da aka sata yana komawa cikin farashin da masu gaskiya ke biya. Bayan haka, gidajenmu a manne suke da juna, rufinsu katako da kwano, lungunanmu kuwa motar kashe gobara ba ta iya shiga da yawa daga cikinsu. Wayar da aka haɗa a ɓoye ba ta da abin da zai katse ta idan ta yi zafi. Wanda ya yi haka ya sa rayukan yaran da ke barci a ɗakunan maƙwabta cikin haɗari saboda 'yan sidi, kuma mazauna gidan da suka gani suka yi shiru suna da nasu kason alhaki.

Gidan da muka ba da labarinsa bai sami mita goma sha biyu ba har yau. Sun gyara maki, sun rubuta, sun maƙala a bango. Saurayin ya shigar da butarsa cikin lissafi, mai sobolo ta canza robar firizarta, kuma tun daga lokacin ba su dawo zaure ba sai ranar da suka zo gayyatar suna. Muna roƙon sarakunan zango da limamai da shugabannin matasa, a Kumasi da Tamale da Akara da duk inda ake zaman gida ɗaya mita ɗaya, su ɗauki wannan aiki tun kafin ƙara ta iso gare su. Takarda ɗaya da biro da zaman awa ɗaya bayan la'asar sun isa a fara.

Allah ya ba mu ikon tsare haƙƙin maƙwabtanmu, ya sanya albarka a cikin ɗan abin da muke samu. Amin.